Wa ya fi cancanta? Ƙirƙirarriyar basira da rabon tallafi a masarautar Daura

Duk mai unguwar da aka taɓa cewa ya kawo sunaye 20 daga unguwa mai gida 100 ya san nauyin tambayar nan: wa za a rubuta, wa za a bari? Akwai gwauruwar da ke riƙe da marayu huɗu. Akwai tsohon da idonsa ya tafi, 'ya'yansa suna can cin rani. Akwai magidancin da ke fita da wankakkiyar riga kullum, alhali rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwan farko ya sauka. Kowanne yana da hujja, kuɗin kuwa ba zai kai ga kowa ba.

Wannan ita ce fuskar da maganar amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wajen yanke hukuncin da ya shafi adalci ta fi bayyana da ita a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. A Turai da Amurka muhawarar takan karkata ga motar da ke tuƙa kanta ko kotun da ke auna haɗarin sakin fursuna. A nan maganar ita ce jerin sunaye, kuma tuni kwamfuta ta sa hannu a cikinta, ko da yake da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su da labari.

Me ake nufi

Ƙirƙirarriyar basira, a ma'anar da ta shafi wannan bayani, manhaja ce da ake ciyar da ita da ɗimbin bayanai har ta koyi gano alaƙa a tsakaninsu, sannan ta yi hasashe a kan abin da ba a nuna mata ba. Idan aka ba ta bayanan gidaje dubbai waɗanda aka san abin da suke ci da abin da suka mallaka, za ta iya kallon wani gida na daban ta ce da alama wannan yana cikin matalauta. Ba ta ga gidan ba, ba ta san mai shi ba, kamanceceniya ta bi.

Idan aka ce tana taimakawa wajen yanke hukunci na adalci, abu biyu ake nufi, kuma sun sha bamban. Na farko shi ne mutum ya nemi shawararta a kan abin da ya dace ya yi, kamar yadda matasa ke tambayar ChatGPT ko Meta AI da ke cikin WhatsApp. Na biyu shi ne hukuma ta sa ta jera mutane, ta ce wane ya riga wane. Na biyun ya fi nauyi domin wanda aka jera bai nemi a jera shi ba, kuma sau da yawa ba shi da inda zai kai ƙara.

Yadda kwamfuta ta shiga rajistar marasa galihu

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta soma shirin bai wa gidaje matalauta Naira 5,000 a wata, da rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. Daga baya aka haɗa da Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta mayar. Ofishin NASSCO da ke Abuja aka ɗora wa alhakin haɗa rajistar marasa galihu ta ƙasa, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke tattara sunaye.

Tsarin yana da matakai. Ana fara zaɓar yankunan da suka fi talauci. Sai ma'aikata su shiga gari su zauna da maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a wurinsu, ya lissafa gidajen da suka dace da shi. Bayan an haɗa jerin, masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufi da daɓe, ina ake samun ruwa, wane irin makewayi, akwai rediyo ko babur, mai gida ya yi karatu zuwa ina. A nan ne lissafi ke karɓar ragama. Kowace amsa tana da maki, jimillar makin ce ke nuna matsayin gidan a jerin. Masana suna kiran wannan gwajin alamomin wadata. Tsohon lissafin ƙididdiga ne, ba sabuwar fasaha ba, amma shi ne kakan abin da ya biyo baya, kuma tunaninsu ɗaya: tun da ba a iya auna abin da gida ke samu, sai a auna abin da ido ke gani.

Annobar korona ta kawo mataki na gaba. A Janairun 2021 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da rajistar gaggawa domin matalautan birane, wadda ta dogara da hotunan tauraron ɗan Adam wajen gano unguwannin da suka fi talauci, sannan a aika saƙon waya ga mazauna wurin su yi rajista. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da kamfanin Meta, sun fitar da taswirar da manhaja ta zana, mai ƙiyasta wadatar kowane yanki mai faɗin kusan kilomita 2.4. A 2022 Isabella Smythe da Joshua Blumenstock suka wallafa nazari a kan Najeriya, wanda ya nuna cewa irin wannan taswira tana iya kai tallafi ga matalauta fiye da dogaro da alƙaluman jiha ko ƙaramar hukuma kaɗai.

Togo ce ta fi kowa nisa a yankin nan. A shirinta na Novissi, daga ƙarshen 2020, gwamnati da ƙungiyar GiveDirectly sun zaɓi gundumomi 100 mafiya talauci da taimakon hotunan sama, sannan manhaja ta bi bayanan wayar mutane, wato yawan kira, tsawonsa da kuɗin katin da ake sawa, ta ware waɗanda za a tura wa kuɗi. Sakamakon da ya fito a mujallar Nature a 2022 yana da fuska biyu, masu tallata fasahar kuma sun fi son ambaton ɗaya. Manhajar ta rage yawan matalautan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da zaɓen yanki kawai. Amma idan aka kwatanta ta da cikakkiyar rajistar gida-gida, wadda Togo ba ta da ita, kuskurenta ya fi da kashi 9 zuwa 35. Wato madadi ce ta lokacin gaggawa.

Abin da ya sa ake nemanta

Wanda ya taso a garuruwan nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan yadda jerin sunaye ke lalacewa. Kansila yana da mutanensa, shugaban jam'iyya na mazaɓa yana da nasa, wanda ya riƙe biro yana da dangi. A Yulin 2023 gwamnonin jihohi, a taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce ba su amince da rajistar da aka gada ba. Wata uku bayan haka Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da biyan Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, sai ga shi a Janairun 2024 ya dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, da shugabar hukumar shirye-shiryen tallafi, Halima Shehu, bisa zarge-zargen da suka shafi kuɗi. A irin wannan yanayi, na'urar da ba ta da ƙane ba ta da jam'iyya abin sha'awa ce.

Kuma akwai shaida daga maƙwabta. Patrick Premand da Pascale Schnitzer na Bankin Duniya sun gwada hanyoyi uku na zaɓen masu amfana a ƙauyukan Jamhuriyar Nijar, ciki har da zaɓen kwamitin gari da zaɓen lissafi. Mutanen ƙauyukan sun fi ganin halascin zaɓen lissafi, domin wasu 'yan kwamiti sun riƙa jawo abin wajen kansu. Wannan sakamako ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai cewa a bar wa jama'a kawai, sun san junansu. Sun sani, amma sani daban, faɗin gaskiya a gaban mai gari daban. Sai dai a Indunisiya wani gwaji makamancin wannan da aka wallafa a 2012 ya samu akasin haka, mutane sun fi gamsuwa da zaɓen da suka yi da kansu.

Inda hukuncin yake ɓoye

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa idan aka miƙa jeri ga manhaja an cire son rai, an bar gaskiya tsantsa. Abin da ke faruwa shi ne an ɗauke hukuncin daga dandalin gari an kai shi wani ofishi, an yanke shi tun kafin a kunna kwamfuta.

Hukunci na farko shi ne ma'anar talauci. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Daura, sun bambanta faƙiri da miskini a babin zakka: faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta a kan manoman Hausa a 1972, ta karkasa magidanta ne da taimakon mutanen garin, bisa iya jure wa mummunar damina. Ma'aunan nan biyu duk suna kallon rumbu da lokaci. Gwajin alamomin wadata kuwa yana kallon rufi da daɓe. Gidan da aka yi wa kwano shekara goma da suka wuce, lokacin da ɗa yake aiko da kuɗi daga Legas, zai ci gaba da zama mai wadata a idon lissafi ko da ɗan ya rasu bara. Caitlin Brown da Martin Ravallion da Dominique van de Walle sun bi wannan hanya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya da Nijar, suka gano cewa tana iya tace masu hali daga jeri, amma tana zubar da matalauta masu yawa tare da su.

Hukunci na biyu shi ne ma'anar gida. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure ke noma tare, gida ɗaya ne ko huɗu? A gidan mai mata uku, idan ɗaya tana sana'ar ƙuli-ƙuli ɗaya kuma ba ta da komai, makin wa za a rubuta? Amsar da mai tsara takardar tambayoyi ya zaɓa tana iya shigar da mutum 15 ko ta fitar da su.

Na uku ya fi su ɗaci. Kuskure iri biyu ne: a saka wanda bai cancanta ba, ko a bar wanda ya cancanta. Ba a iya rage su duka a lokaci guda, idan aka matse ɗaya ɗayan yakan buɗe. Jami'in da ke tsoron a ce ya biya mai hali zai matse ƙofa, kuskuren da zai biyo baya kuma ba ya fitowa a jarida, domin wadda aka tsallake ba ta san an taɓa auna ta ba. Zaɓen wane kuskure za a haƙura da shi magana ce ta adalci daga farko har ƙarshe, kuma babu manhajar da ke yin sa da kanta.

Sannan ga girman abin da za a raba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, a Jihar Katsina kuma adadin ya haura kashi 70. Mu koma ga unguwar nan mai gida 100 a matsayin misali. Idan 70 matalauta ne kuma gurbi 20 aka bayar, manhajar da ba ta kuskure ko ɗaya za ta bar matalauta 50 a waje. Bambancin da ke tsakanin na 20 da na 21 ƙila kaza biyu ne. Wannan ne ya sa masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka tarar cewa a wasu ƙauyukan Nijar ana sake tattara kuɗin tallafi a raba bayan ma'aikata sun tafi. Ana iya kiran hakan karya doka. Ana kuma iya karanta shi a matsayin amsar gari ga ma'aunin da bai yarda da shi ba.

Waɗanda bayanai ba su gani

Salon Togo yana da jan hankali, amma a gwada shi a zuci a kan iyakar Kwangwalam. Matar da ke amfani da wayar mijinta ba ta da sawu a bayanan kamfanin waya. Ɗan kasuwar dabbobi na Mai'aduwa da ke riƙe da layin Najeriya da na Nijar rabin rayuwarsa kawai za a gani. Wanda ba shi da waya kwata-kwata, wanda galibi shi ne ya fi kowa bukata, babu shi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, na tsawon watanni. Manhajar da za ta karanta bayanan wannan lokaci za ta ga shiru ne a daidai inda wahala ta fi tsanani. Sharaɗin lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka ɗora wa masu karɓar tallafi yana toshe sunayen bogi, yana kuma toshe tsohuwar da ba ta da kuɗin mota zuwa wurin rajista.

Bayanai kuma suna tsufa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai. A garuruwan da cinikin iyaka ke riƙe da su, mai rufin asiri na iya zama mabukaci cikin 'yan makonni, makinsa a rajista bai motsa ba. Ga kuma wanda kunya ke hana shi bayyana halinsa ga baƙon da ya zo da takarda. Liman ya san shi, maƙwabciya ta san shi, domin ita ke miƙa kwano ta katanga.

Ƙasashen da suka fi Najeriya tsari ma sun ƙone a nan. A Holan hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna haɗari wanda ya ɗauki zama ɗan wata ƙasa a matsayin alamar zamba, aka tuhumi dubban iyalai da cin kuɗin renon yara ba bisa gaskiya ba, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. A Jodan, ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a 2023 yadda tsarin Takaful mai alamomi 57, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ke iya rage wa iyali matsayi saboda tsohuwar mota ko yawan wutar lantarkin da suka sha.

Tambayar manhaja shawara

A taƙaice game da ɗaya fuskar. Manhajar hira tana da amfani ga kansila ko sakataren kwamitin zakka da ke son a jero masa ɓangarorin matsala, a tuna masa wanda ya manta, a nuna masa inda ya auna mutum biyu da mudu daban. Amma tana da halin bin bakin mai tambaya. A Afrilun 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani sabon salon ChatGPT saboda ya cika yabon masu amfani da shi da gaskata duk abin da suka kawo. Tun a 2021 manhajar Delphi, wadda cibiyar Allen da ke Amurka ta gina musamman domin ta ce wannan daidai ne ko kuskure, ta riƙa sauya hukunci idan aka ɗan juya kalmomin tambaya. Hausar waɗannan manhajoji ma ba ta kai Turancinsu ba, gibin da gwamnatin tarayya ta ce tana son cikewa da N-ATLaS, wadda aka ƙaddamar a Satumban 2025 da Hausa da Yarbanci da Ibo. Wanda ya kai mata rabon gado ko rikicin gona ya karɓi amsarta a matsayin fatawa, shi ya jiyo.

Abin da doka ta ba ɗan ƙasa

Ƙasashe 193 na hukumar UNESCO, har da Najeriya, sun amince a Nuwamban 2021 da wata shawara a kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, wadda ta ce alhakin ƙarshe yana kan mutum, ba a ɗora shi a kan na'ura. Wannan shawara ce, ba ta da haƙori. Mai haƙorin ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Sashe na 37 ya ba mutum 'yancin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke idan yana da babban tasiri a rayuwarsa. Akwai togaciya, kamar inda wata doka ta ba da izini ko mutumin ya amince, amma sashen ya tanadi damar neman ɗan Adam ya duba, da faɗin ta bakinka, da ƙalubalantar sakamakon. Hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi.

A ganina rauni mafi girma yana cikin kalmar nan kaɗai. Idan jami'i ya sa hannu a ƙasan jerin da kwamfuta ta fitar ba tare da ya karanta ba, a takarda mutum ne ya yanke hukunci. A da, wadda aka tsallake tana iya zuwa ƙofar mai unguwa, ta wuce wurin dagaci, ta kai ga hakimi, har fadar Sarkin Daura Umar Faruk Umar idan ta kama. Tsarin yana da aibobinsa, amma a kowane mataki akwai fuskar da za ta ji kunya. Amsar da ake ba mutane yanzu a ofisoshi da yawa, wai kwamfuta ce ba ta fitar da sunanka ba, tana rufe wannan hanya gaba ɗaya.

Saboda haka tambayoyin da ɗan jarida, ko ɗalibin Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, ko ƙungiyar matasan mazaɓa za su yi ba na fasaha ba ne sosai. Waɗanne alamomi aka auna, kuma maki nawa aka ba kowacce? A wace shekara aka ɗauki bayanan mazaɓar? A wane maki aka ja layi, wa ya sa hannu a kan hakan? Gida nawa taron gari ya lissafa, nawa lissafi ya cire daga baya, an koma an gaya wa garin dalili? Ƙorafi nawa aka karɓa, nawa aka gyara? Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar a bayyana sunan wani mai karɓar tallafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan wasiƙa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi ma, ba ta tarayya kaɗai ba. Wasiƙar tana iya tafiya ofishin NASSCO a Abuja, kwafinta kuma ofishin rajistar jiha a Katsina.